Wanda Ya Liƙe Idon Mashkura

Atiku, Abbas, 'ya'yana, ku aje wayoyin nan ku saurare ni, tun ba ku je kun yi abin kunya ba.

Ranar kasuwar Illo, Yemisi tana jera magani a kemis ɗinta, shagon da take haya a jikin gidan nan shekara goma sha ɗaya, sai ga mata uku sun shigo riƙe da Mashkura, ɗiyar Atiku. Ƙugiyar kifi ta tsage wa yarinyar fatar ido ta sama, har bakin gashin ido.

Yemisi ta ɗaga tsumman da anka rufe wurin da shi, ta ja da baya. An riga an haɗe tsagar da sufa-gulu. Gam ɗin ya gangara, ya kame fatar sama da ta ƙasa. Ta tambaye su wa ya yi wannan aika-aika. Ta dubi fuskokinsu, ta dubi hannuwansu, ta ga gam a yatsun ɗayarsu, ba ta sake tambaya ba.

Ba ta ɓamɓare ba, ba ta ɗiga komai ba. Ta kifa murfi mai tsabta a kan idon ta ɗaure, ta ce sai Birnin Kebbi wurin likitan ido, yanzu. Ta kulle shagonta ranar ciniki, ta shiga motar da kanta.

Likita ya ceto idon. Amma sai da ya yanke inda gam ya cinye, fatar ta warke da giɓi, ko barci yarinyar take ba ta rufuwa duka.

Atiku ya dawo daga tsallaken Benin, ya ji an ce gam, ya ji an ce kemis, ya haɗa da kansa. Ya tsaya ƙofar shago ya kira Yemisi mahauciya, 'yan acaba na kallo. Mata sunka daina sayen ko maganin ciwon kai a wurinta. Ya ba ta zuwa Juma'a ta kwashe kayanta.

"Baban Mashkura, ban sa wa ɗiyarka gam ba," in ji ta.

"To wa ya sa?" in ji Atiku.

Ta durƙusa irin na mutanensu. A garinsu akwai sunan da ba a kira a gaban jama'a, ko za a rasa shago a kai.

Gobe Juma'a. Na ga kwaɗon da ka sayo don kulle shagon, Atiku, kai kuma Abbas kana zuga shi, ƙatti biyu ba mai tambaya ɗaya a bakinsa. Ku tashi ku je ku ba matar nan haƙuri a gaban 'yan acaban da sunka ji zagin, ku kashe maganar nan yau. In akwai wadda za ku kora daga gidan nan, ga ta zaune: ina cikin matan nan uku, ni na danne kan jikata na tsiyaya gam ɗin, don da shi nake liƙe fason ƙafata, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.