Shafin da Gaiya Ya Cire

Gaiya ya manna guntun kwalin sabulu a saman fuskar kwamfutarsa, daidai inda sunan majinyaci ke fitowa. Abokan aiki na yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Asibitin ƙarami ne, a wani lungu na Sabon Gari, kuma nan masu cutar ƙanjamau ke karɓar magani. A Minna kuwa, in suna ya fita da hantsi, kafin la'asar ya zaga Kasuwar Kure.

A ɗakin baya yake aiki. Katuna yake gani, ba fuskoki ba. Fayil ɗaya ne babba a kwamfutar, na manhajar Ekzel, kowane majinyaci da shafinsa, lambar katinsa a gindi. In za a mayar da mutum wani asibiti, sai Gaiya ya ware shafinsa shi kaɗai ya zama fayil daban, ya sa alama a ɗan akwatin da ke fitowa a fuskar kwamfutar, mai cewa a bar kwafi. In ba a sa alamar ba, shafin ya tashi ke nan ɗungurungum, kamar an yage shi daga littafi.

Makonsa na ƙarshe ne a wurin. Ya sami aiki a Bida, kuma da ƙyar da siɗin goshi ya shawo kan likita aka ba ƙanwarsa Hope kujerar. Shi ya raine ta tun rasuwar iyayensu, duk duniya ita ke gare shi. Ga aiki ya samu, ga bikinta na matsowa da Victor, yaro mai ladabi, mai gyaran janareta, wanda tuni ya kai wa fasto takardar gwajin jini ta kafin aure daga Suleja, mai nuna lafiyarsa ƙalau. Gaiya ya ji ya sauke kayan da ya daɗe yana ɗauka.

Ranar Alhamis wata dattijuwa ta leƙo ɗakin. Ba a shiga nan, amma wa zai kori tsohuwa mai hawaye? Ta miƙo masa wani katin asibiti da ya sha jiki, lamba kawai ke kansa, babu suna. Bayan hannunta duk tabon ƙunar mai ne, fari fat har wuyan hannu.

"Ɗana, wannan katin yarona ne. Ya mutu. Shi kaɗai Allah ya ba ni."

Gaiya ya yi mata gaisuwa, ya buga lambar. Shafin ya buɗe. Lallai rabon mai katin da zuwa karɓar magani tun kafin bikin Ista.

"Me zan yi miki, Mama?"

"Ka cire shi. Na ji wai wata yarinya 'yar wajenmu za ta fara aiki a nan. Ka san bakin mutanenmu. Na ce wa gari taifot ne ya kashe shi. A bar shi ya kwanta da mutuncinsa."

Saura kaɗan ya ce mata ƙanwarsa ce, kuma Hope ba ta da surutu. Sai ya ga ba lokacin gardama ba ne. Dokar asibiti a fili take: ba a cire shafin kowa, rayayye ko matacce, wanda ya yi kuma a bakin aikinsa. In maganar ta fito, har kujerar Hope sai ta girgiza.

Tsohuwar ta durƙusa ta kama ƙafarsa. Nan zuciyarsa ta karye, ya tuna tasa uwar. Matacce me zai ƙara, me zai rage?

Yatsansa ya kai bakin kwalin, ya tsaya. Shekara da shekaru bai leƙa sunan kowa ba sai dole, kuma yana alfahari da haka. Ba zai fara da gawa ba.

Ya zaɓi sabon fayil. Ɗan akwatin ya fito yana jiran alama. Gaiya ya dube shi, ya ƙyale shi fanko, ya danna. Shafin ya ɓace daga cikin 'yan'uwansa. Ya zuba shi a wani tsohon filas nasa na adana fayilolin kwamfuta, ya danƙa mata tare da katin.

"Ki jefa a masai, Mama."

Ta yi ta sa masa albarka har bakin ƙofa. Ranar ya koma gida da farin ciki, yana ganin ya yi aikin lada.

Aka yi biki, aka ci aka sha. Uwar ango ce kawai ba ta zo daga ƙauye ba, wai ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Hope ta riƙe aikin da kyau, ko kwalin ba ta cire ba.

Shekara ta zagayo, Hope ta haihu. A waya take ce masa jaririn ba ya ƙiba, ita ma tari ya ƙi barinta, Victor kuma zazzaɓi yau da gobe. Gaiya ya ce gajiyar jego ce, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ranar Asabar ya shiga mota daga Bida, ya sauka Tudun Fulani, unguwar su Hope a Minna, da ledar lemu.

Hope ta tare shi a tsakar gida. Ta rame har zoben aure na yawo a yatsanta. Can gindin mangwaro wata tsohuwa ta juya baya, tana yi wa jariri wanka a baho. Hannun da ke tallafe da kan yaron fari ne fat har wuyan hannu.

Ledar ta suɓuce masa, lemu ya watse a ƙasa. Tsohuwar ta waiwayo, ta gan shi, ta sunkuyar da kai.

"Yaya, zo ku gaisa, ai ba ku taɓa haɗuwa ba," in ji Hope, tana murmushi. "Mamar Victor ce. Shi kaɗai Allah ya ba ta."