Giyar Dawar Iri

Kai da ba ka bari loma ta wuce maƙoshi kafin ka ce miya ba gishiri, gyara zama ka ji wannan.

A wata kasuwar Maguzawa an yi wani tsoho mai ɗanɗana burukutu. Giya ce ta talaka, wadda manomi kan jiƙa maƙoshi da ita in ya taso daga gona, amma duk arharta ba mai miƙa ƙoƙonsa sai tsohon nan ya zaga rumfunan mata ya yanke hukunci. Yadda yake yi kuwa abin kallo ne. Zai kurɓa, ya kumbura kumatu kamar kwaɗo, ya kanne ido ɗaya, ya ɗaga gemu sama sai ka ce kaza na shan ruwa. In ta yi masa, ya ce, "Uhmmm, wannan ta san ɗakin miji." In da saura, ya ce, "Yarinya ce, a bari ta girma." In kuwa ya tofar ya ja tsaki, to mai tulu ta fara neman wanda zai aza mata kayanta.

Wata shekara, ana gab da shuka, akwai wata mata da miji ya mutu ya bar mata 'ya'ya da rumbu wayam. Abin da ya rage a ɗaka ɗan ƙullin dawar iri ne. Ta ce bari ta mai da ita giya, ta sayar, ta sayi wani irin, ragowar kuma yara su ci tuwo. Ta jiƙa dawar har ta tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta yini gaban murhu hayaƙi na cin idonta. Giyar kuwa ta yi, kumfa har tana tsaki a bakin tulu.

Ranar kasuwa tsoho ya tashi da masassara, ya kwankwaɗi jiƙon maɗaci kafin ya fito, girman kai ya hana shi cewa yau bakina ba nawa ba ne. Rumfar matar nan ce ta farko a bakin hanya. Ya kurɓa, ya kumbura kumatu, ya kanne ido, sai ya furzar.

"Mtsss! Ke, da ɓawon itace kika dafa ta?"

Aka kwashe da dariya, aka wuce ta. Shi kuma jiri ya kwashe shi ya koma gida, sauran mata suka sha ciniki. Sai da ya ɗebi ruwa a randar matarsa, ya sha, ya ji shi ma ɗaci, sannan ya zauna ya dafe kai.

Gari na wayewa ya ja sanda zuwa gidan mai giyar. To, burukutu ba ta jiran kowa. Ta kwana ta yi tsami, har an tuttular da ita bayan danga, aladu na lasar ƙasa. Ya bi gida-gida yana rantsuwa cewa bakinsa ne ya yi ƙarya, ba tulun ba. Kowa ya girgiza kai, ya ce wayyo, ya ci gaba da wasa sunguminsa. Da ruwan shuka ya sauka gari duk ya fita gona, ita kuwa tana zaune bakin ƙofa da yaranta, suna shaƙar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.