Ɓarawon Maɗaci

Malam Enoch ya ƙirga kututturan da bakin sandarsa, ya sake ƙirgawa. Huɗu ne. Mako biyu da suka wuce uku ya bari.

Bishiyoyin maɗaci goma sha biyu ne a jere. Shi ya dasa su a 1941, yana hedimastan makarantar da ke wannan fili na Birnin Gwari, ya raine su da ruwan rafi, garwa biyu a bayan keke. Da ya yi ritaya ya koma gonarsa a Kusasu, sai aka tashi makarantar, jami'a ta karɓi filin ta buɗe reshen koyar da kula da daji. Kula da daji, a lura da kyau. A farkon daminar 1974 suka sare maɗaci na farko don wayar janareta ta wuce.

Malam bai yi ihu ba. Ya zauna ya rubuta wasiƙa mai sakin layi bakwai, kwafi huɗu. Ya nemi a ba shi haƙuri a rubuce. Ya nemi duk bishiyar da aka sare a harabar a dasa goma a madadinta, kowace da kejinta na katako mai ƙwari saboda awaki, ba karan dawa da gara za ta cinye kafin kaka ba. Ya nemi a kafa kwamiti. A ƙarshe ya gyara musu kurakurai uku da ya gani a allon ƙofarsu.

Abin mamaki, aka amince da komai. Aka kafa Kwamitin Kare Itatuwa, aka naɗa wani akawu mai suna Wakili sakatare, aka buga wa wasiƙar hatimi ta zama doka.

Daga nan ɓarawo ya shigo.

Duk mako biyu Malam kan biyo motar kasuwa ya zo dubawa, duk zuwa kuma sai ya tarar da sabon kututture. Yanka mai tsabta, ba na gatari ba. Ko reshe ba a bari.

"Ranka ya daɗe, ana bincike," in ji Wakili, yana juya fayil. "Amma ka ga ba mu saɓa ba. Goman nan suna can."

Suna can kuwa. Dalbejiya goma, kowace tsawon kamu ɗaya, kowace a cikin keji ja jawur, mai ƙamshin sabon itace. Malam yakan auna kejojin da tef, ya jijjiga, ya ga ba sa motsi. Wannan kaɗai ke sanyaya masa rai: ko ba komai, akwai wanda ke bin umarni a ƙasar nan.

Ya zargi masu gawayi. Ya zargi masu sassaƙar ɓawo don maganin ciki. Ya rubuta aka canza maigadi, ya sake rubutawa aka canza wanda aka kawo. Kututture ya kai tara, ya kai goma. A watan Satumba uwar jami'a ta aiko wa reshen da takardar yabo, domin rahoto ya nuna itatuwan harabar sun tashi daga goma sha biyu sun haura casa'in. Aka gayyaci Malam bikin. Ya mayar da katin, da layin jan biro a ƙarƙashin kalma biyu.

Da ya rage maɗaci ɗaya tak, na ƙarshen layi, mafi kauri, sai Malam ya bar ranar kasuwa. Ya zo ran Litinin da kujerarsa da laima, bai gaya wa kowa ba, ya zauna a gindinsa.

Da hantsi sai ga mutum uku tafe, ba sanɗa, ba waige, suna hira. Biyu na ɗauke da dogon zarto. Na gaba Auta ne, kafintan jami'a, wanda Malam ya koyar tun aji ɗaya. Yana ganinsa ya cire hula ya durƙusa.

"Malam, an zo lafiya? Ai da ka ɗan matsa da kujerar, ta nan zai faɗi."

"Auta! Ashe kai ne? Da rana tsaka? Wa ya ba ka izini?"

Auta ya dubi masu zarton, ya dubi Malam, da alamar bai gane faɗan ba. Ya zaro takarda daga aljihu, duk ta sha ninki, ya miƙa da hannu biyu.

"Malam, keji goma maɗaci guda suke ci, kuma katako mai ƙwari a harabar nan ai su ke nan. In mun sare a dasa goma, goman kuma su nemi keji. Tun daga maɗaci na biyu wasiƙarka muke bi, ko layi ɗaya ba mu tsallake ba."