Ranar da Aka Mayar da Auduga Gona

Tun da gwamnati ta daina aiko malaman gona, wata na'ura mai tashi, wadda mutanen Gidan Cindo suke kira Shirwa, ita ke shawagi a kan gonaki ranar duba. Gonar da ta gani fari fat da auduga, mai ita ya samu tallafi. Wadda ta gani kara zalla, sai baɗi.

Inna Tabawa kuwa, yadda ta saba tun ƙuruciya, da ta ji an fara sakin awaki sai ta tsince tata kaf ta kai ɗaka.

"Inna, yau fa Shirwa za ta zo!" in ji maƙwabcinta Barmo, yana dafe da ƙeya. "Kuɗin takinki ke nan ya tafi."

"To, ka ce mata ta leƙo ɗakina."

Barmo bai tsaya musu ba, ya kira gayya. Mata da maza suka kinkimo buhunan, suna maƙala auduga a kan kowane kara ana ta shewa, har gonar ta koma fari tas.

Da hantsi Shirwa ta iso, ta tsaya cak a samansu.

"Sannunku da gayya," ta ce. "Barmo, a hankali da ciwon bayan nan."

Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Sai wayar Inna ta yi ƙara: tallafi ya shiga.

Inna ta ɗaga kai, ta kare rana da hannu.

"To 'yar nan, tunda kin san kowa, sauko ki taya mu tsincewa."