Tabar Da Ke Cikin Takalmin Hagu

Saura kwana arba'in a fara tantance masu neman shiga soja, Auta ya jefa tabar lantarkinsa cikin kwata a gaban kawunsa.

Kawun tsohon soja ne, kowa Saje yake ce masa. Shi ke riƙe da agogo kowace safiya a filin ƙwallon bayan makaranta. Sharaɗin a fili yake: kilomita uku cikin minti goma sha huɗu. Kuma in bana ta wuce, shekarun Auta sun wuce na nema.

"Ƙafarka ta gidanmu ce," in ji Saje. "Ƙirjin ne ban san inda ka aro shi ba. Sai ka ce zugazugin da ɓera ya ci."

Kwana tara Auta bai zuƙa ba. Kansa ya yi ta sarawa, ya yi faɗa da mai shago kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya tauna murfin biro har ya tsage. Amma numfashi ya fara dawowa. Saje ya daina tsaki in ya dubi agogo.

A rana ta goma Auta ya zura hannu cikin takalmin gudunsa na hagu don ya ciro safa. Ya ciro wata tabar lantarki sabuwa fil, a cikin ledarta, mai ƙanshin mangwaro, irin wadda ya saba sha.

Ya ce a ransa zai yar da ita a hanya. Sai da ya wuce kwata uku. A bayan katangar makaranta ya farke ledar.

Dogo ne Auta ya fara zargi. Dogo abokinsa ne tun firamare, shi ya koya masa zuƙa, shi ma yana neman sojan, kuma gurbin da ake ba yankinsu ba shi da yawa. Kullum da yamma yana zuwa gidan, ya tuɓe silifa a bakin ƙofa, daidai inda takalman Auta ke shan iska.

"Ni da nake roƙon zuƙa ɗaya a hannun mutane, ni zan saya maka sabuwa?" in ji Dogo. "Dube ni da kyau, malam. Na yi kama da mai kyauta?"

Daga ranar suka daina gaisawa.

Umma ba ta taɓa ce wa Auta kada ya tafi ba. Ita ke wanke masa kayan gudu, ta dafa masa ƙwai kafin ya fita, ta gyara masa ɗaki kafin ya dawo. Kowace safiya takan goge hoton Yaya, babban ɗanta, da ke jikin bangon falo, yana sanye da kaki, hula ta ɗan karkace. Shekara shida ke nan da aka kawo mata akwatinsa na ƙarfe, ba shi a biye. In Saje ya shigo yana cika baki cewa gidan nan ba ya rabo da soja, sai ta ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri, Yaya Saje," ta ci gaba da ninke kaya.

Auta ya sake yar da tabar. Ya mayar da takalman ƙarƙashin gado, ya toshe tagar ɗakinsa da kwali. Bayan mako guda ya sami wata. Takalmin hagu, mangwaro.

Ya je wurin mai sayar da su, a rumfar gyaran waya, ya tambaya wa ke yawan sayen mai mangwaro.

"Rabin unguwa," in ji mutumin, bai ko ɗago daga wayar da yake kwancewa ba. "Har da wanda bai san ta inda ake zuƙa ba."

Sau biyar abin ya faru. Sau biyar Auta ya rantse, sau biyar ya karya. Ya daina gaya wa kowa, don ya lura ko a kunnensa labarin ya fara kama da ƙarya. Saje ya shinshini rigarsa wata safiya, ya dube shi, ya juya masa baya. Wannan ya fi mari zafi.

Ranar tantancewa aka liƙa masa lamba a ƙirji. Zagaye biyar na farko yana cikin na gaba. A na shida ƙirjin ya kulle, kamar an ɗaure shi da waya. Ya ji ɗanɗanon mangwaro a maƙogwaro. Ya ga bayan Dogo yana nisa, ya ji muryar kawunsa daga bayan shinge tana kiran sunan Yaya, ba nasa ba.

Minti goma sha huɗu da daƙiƙa goma sha tara. Jami'in da ke bakin layi ya ja jan biro a kan lambarsa, ya ce na gaba ya matso.

A hanyar gida Saje ya cire agogon daga wuyansa, ya cusa a aljihu, ya ce yana da wurin zuwa.

Umma na tsaye a ƙofa da kofin ruwa. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta ɗora hannu a kansa, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Ka dawo, Autana," ta ce. "Shiga ka kwanta."

Ta jira har tarinsa ya lafa a ɗaki. Sannan ta jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gadonta, ta ɗaga kakin Yaya da ke ninke a sama, ta kwashe tabar mangwaro guda ukun da suka rage a cikin ledojinsu, ta fita ta zuba su a kwata.