Dawar Baba Jatau

Tun da babbar giwa ta ƙarshe ta mutu, doka ta ce wanda ya san hanyar garke shi zai nuna wa marayun giwayen. Baba Jatau ya sani, don shekara talatin ya yi yana korar iyayensu daga gonarsa da ganga.

Da hantsi ya ja 'yan giwaye biyar har bakin shingensa.

"Baba, dawarka fa ta kusa nuna," in ji Ladidi mai renonsu.

"Ta nan suke bi zuwa rafi, 'yata."

Ya janye ƙayar shingen, suka shiga. Ko ganye ba su taɓa ba, sai suka tsaya suna kallon hannunsa, don a hannu aka saba ciyar da su.

Tsohon ya daɗe tsaye. Sannan ya karyo zangarniya ya miƙa musu.