Bujen da Madam Ta Kushe

Madam Vasseur ta ɗaga bujen rawar da yatsa biyu, kamar ta tsinci mushen ɓera. Shekara talatin tana shugabancin teloli a wani gidan rawar bale a Paris, ba ta taɓa yabon kowa ba.

“Odile, wannan ne ɗinki? Yadi hawa goma, ko ɗaya bai tsaya ba. Mai rawa na juyi biyu a ciki, sai tsirara. Ko makauniya ta fi ki. Tattara allurarki, ki ba mu wuri.”

Odile, sabuwar ɗauka mai marayu uku, ta sunkuyar da kai.

“Madam, nawa yana kan tebur, ban gama ba. Wannan naki ne, wanda kika ba ni jiya in kwaikwaya.”